Wasiyyar da Ta Zo daga Bata

A Garwa, mutum yakan mutu da harshe ɗaya, a raba gadonsa da harshe huɗu. Kuka da ta'aziyya da Hausa ko Fulatanci ake yin su. Malamin da zai yi lissafin kaso da Larabci zai buɗe littafinsa. Takardar da banki zai yarda da ita kuma sai wadda alƙalin gwamnati ya sa wa hannu da Faransanci. Mun saba da wannan har ba ma ganin nauyinsa, kamar yadda ɗan dako yake mantawa da gammon da ke kansa. Mu da muke karanta sanarwar rasuwa a rediyo mun san cewa daga ranar da muka ce wane ya riga mu gidan gaskiya, ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza, iyalinsa sun shiga wata doguwar tafiya tsakanin zauren malam, fadar Lamiɗo, ofishin magajin gari da muke kira meri, da kotu. A kowace ƙofa sai an sake wa mamaci da dukiyarsa suna.

Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne akwai harshe na biyar, kuma yana ƙara shigowa gidajenmu. Sifaniyanci ne. Wanda bai san Kamaru ba zai yi mamaki, amma maƙwabciyarmu ta kudu, Ikwatoriyal Gini, Sifen ce ta mallake ta har zuwa 12 ga Oktoban 1968, kuma har gobe da harshen Sifen ake rubuta takardunta. Hausawa sun daɗe a Malabo da Bata suna sayar da atamfa, takalma, albasa, suna gasa tsire. Hanyar ma sananniya ce: mota daga Garwa zuwa Gaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai Ebolowa, Ambam, Kiye-Osi, ka tsallaka Ebebiyin, ka miƙa har bakin teku. Kuɗinmu ɗaya da su, sefa. Ga kuma samarinmu da suka bi ta hamada da Maroko suka faɗa Sifen ɗin kanta. Duk wanda ya yi shekara ashirin a waɗannan wurare ya tara wani abu, kuma ranar da ta Allah ta kasance, abin da ya tara da harshen wurin za a ambace shi.

Wani dattijo maƙwabcinmu a Yelwa ya fi shekara ashirin da biyar yana da shagon yadi a Bata. (Bata da ba mai sauƙi, ba ɓata ba, ko da yake matan unguwa sun daɗe suna wasa da sunan idan miji ya daɗe bai zo gida ba.) Shi kam yana zuwa, duk azumi a gida yake yi, iyalinsa kuma a Garwa ya bar su. A can ya rasu, aka yi masa sutura a can. Bayan sadakar arba'in sai abokin kasuwancinsa, wani tsohon Bahaushe da suka yi zaman shago tare, ya aiko da ambulan ta hannun direba. A ciki akwai takardar shaidar mutuwa, da wata takarda mai shafi huɗu mai hatimin jami'in rubuta shaidu, wanda muke kira noter. A samanta an rubuta testamento.

Ƙanen mamacin, wanda duk unguwa muke kira Baffa, ya yi makarantar boko har ajin tsakiya, yana karanta Faransanci sarai. Faransanci da Sifaniyanci kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa wanda ya iya ɗaya yake ɗauka ya iya rabin ɗayan. Testamento bai ba shi wahala ba, testament ne, wasiyya. Herencia gado, herederos magada, duk sun yi kama da abin da ya sani. Sai ya iso wani layi inda aka rubuta cikakken sunan abokin kasuwancin nan, da lambar takardar zamansa, kuma gabanin sunan akwai wata kalma da ba ta yi kama da komai ba a Faransanci: albacea. Bayanta kuma jerin abubuwa: shago, kayan shago, asusun banki, basussuka.

Baffa ya karanta sunan bare, ya karanta jerin dukiyar ɗan'uwansa a ƙarƙashin sunan, ya rufe takarda. Kafin magariba labari ya zaga gida cewa mutumin Bata ya kai Alhaji wurin noter yana cikin ciwo ya sa an rubuta masa komai. Kafin isha an kira shi a waya an gaya masa maganganun da ba a gaya wa mai furfura. Shi kuma tsohon bai iya karatun boko ba ko kaɗan. Abin da ya iya cewa kawai shi ne amana aka bar masa, kuma Allah yana gani. Wannan amsa ta ƙara wa wutar fetur, don duk wanda ya taɓa cin dukiyar marayu da ita yake farawa.

Ni an kira ni ne saboda abu biyu: ni na karanta sanarwar rasuwar, kuma an san a lise, da aka ce kowa ya zaɓi harshe na biyu tsakanin Jamusanci, Sifaniyanci da Larabci, na ɗauki Sifaniyanci. Uwargidan marigayin, tana cikin takaba, ta sa aka shigo da ni har ƙofar ɗakinta, ta yi magana ta bayan labule. "Ɗan nan, ka karanta mana tsakaninka da Allah. In ya ba da ne, ya ba da, nasa ne. Amma in ji da kunnena." Na ce, "Inna, ku ba ni zuwa gobe." Sifaniyancin makaranta na gaisuwa ne da sayen tumatir, ba na kotu ba, don haka na ɗauki hoton takardar na nufi gidan tsohon malaminmu na lise, wanda ya yi ritaya yana zaune wajen Rumde Ajiya da ƙamus ɗinsa mai kauri kamar tubali.

Da ya ga kalmar sai ya yi dariya, ya ce ai wannan tamu ce ta dawo gida da rigar aro. Albacea, ana furta ta albaseya, daga Larabcin Andalus ta fito, asalinta sahibul wasiyya, wato wanda aka damƙa wa zartar da wasiyya. Wasiyyi ke nan, da Hausarmu ta zaure. Bakin mutanen Sifen ya tauna kalmar ɗaruruwan shekaru har wasiyya ta koma basiya, sannan ta zama abin da muke gani. Bafaranshe yana cewa exécuteur testamentaire, shi ya sa Baffa bai gane ta ba. Albacea ba magaji ba ne. Ba ya cin ko sisi don an kira shi haka. Aikinsa ya tsare dukiya, ya ga an bi abin da mamaci ya rubuta, ya miƙa wa masu ita. A kundin dokar farar hula na Sifen na 1889, wanda Ikwatoriyal Gini ta gada a matsayin dokar da ake komawa gare ta, aikin ma kyauta ne sai in mamaci ya yanka masa lada, kuma idan ba a faɗi wa'adi ba shekara ɗaya yake da ita. A takardar Alhaji ba a yanka masa komai ba.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina, don ya fi ƙarfin fassarar kalma. Musulmi sun yi mulki a wani yanki ko wani na ƙasar Sifen daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma mazhabarsu Malikiyya ce, irin tamu. Littafin da alƙalan ƙasar Hausa da Adamawa suka daɗe suna haddacewa, Tuhfa, wani alƙalin Garnaɗa ne ya rubuta shi, Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426. Wato wani ɓangare na ilimin da malamin unguwarmu yake yanke hukunci da shi daga can ya taso, ya bi ta Fas da Tumbutu ya sauko mana. Kalmar kuma ta tsaya a can, ta shiga bakin Kiristocin da suka karɓi ƙasar, ta hau jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka, ta sauka a ofishin noter a Bata, ta hau mota ta zo Yelwa, inda 'yan'uwanta suka kasa gane ta har suka zagi dattijo a kanta. Haka ma alcalde, magajin gari a wurinsu, alƙali ne ya sauya aiki. Almoneda, gwanjon kayan gida, wanda sau da yawa kayan mamaci ne, daga munada ta fito, shela. Malamin namu ya ce da ya koya mana waɗannan a aji da wataƙila mun fi sauraronsa, amma manhaja ba ta tanadi mutuwa ba.

Washegari na karanta musu takardar layi layi a tsakar gida, maza a tabarma, mata a bayan labule. Da na bayyana albacea, Baffa bai ce komai ba, ya dai cire hula ya sake sa ta. Sai ga wata kalma ta tayar da nata ƙurar. A shafi na biyu an rubuta cewa mamaci ya bar wa 'ya'yansa legítima ɗinsu. Ɗaya daga cikin samarin gidan ya riga ya leƙa takardar da daddare, ya ga kalmar, ya haɗa ta da légitime na Faransanci, ɗan halas, ya raɗa wa ɗakin uwarsa cewa an rubuta su waye 'ya'yan halas. A gidan da ke da mata biyu ba sai na gaya wa mai karatu irin ɓarnar da wannan raɗa take iya yi cikin dare ɗaya ba. Amarya ta kwana tana kuka, don ita aurenta a masallaci aka ɗaura, ba a taɓa zuwa meri ba, ta ɗauka an cire 'ya'yanta. Alhali legítima, a wannan wuri, ba ta da ruwa da halascin kowa. Sunan kason da doka ta keɓe wa magada ne, wanda mai dukiya ba shi da ikon hana su ko ya so. Bafaranshe yana kiransa réserve. Sunayen 'ya'ya bakwai duk suna cikin takardar, na uwargida da na amarya, a jere bisa shekaru.

A nan ne na ga wani kamanni da ya ba ni mamaki. Kundin Sifen ya kasa dukiyar mai 'ya'ya uku. Kashi ɗaya na 'ya'ya ne daidai wa daida. Kashi na biyu shi ma na zuriya ne, amma uba yana iya fifita wani a ciki, suna kiransa mejora. Kashi na uku shi ne tercio de libre disposición, sulusin da mutum yake da 'yancin bai wa wanda ya ga dama. Duk ɗan makarantar zaure da ya kai babin wasiyya a Risala zai ɗaga kai idan ya ji wannan, don mu ma iyakar wasiyya sulusi ne, tun daga hukuncin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya yi rashin lafiya a Makka ya so ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa. Ba na cewa wannan daga wancan ya fito. Mejora tsohuwar dokar Sifen ce tun kafin Larabawa su tsallaka. Kuma akwai bambanci babba: su suna iya ƙara wa magaji daga sulusin, mu kuwa ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Amma da aka zo kan takardar Alhaji, wannan kamanni shi ya sa abin da ya rubuta ya zauna daidai a ma'auni biyu.

Abin da ya rubuta kuwa shi ne ainihin dalilin zuwansa wurin noter. Babban ɗansa ya rasu shekarun baya a haɗarin mota, ya bar yaro ɗaya, wanda ya tashi a ɗakin kakarsa. A fiƙihunmu, jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Baffanninsa sun shamakance shi. Hukunci ne sananne, kuma hanyar da shari'a ta bari a buɗe ita ce kaka ya yi masa wasiyya tun yana da rai. Mafi yawan kakanni suna da niyyar, sai dai niyyar takan bi su kabari, don a wurinmu wanda ya ce zai rubuta wasiyya sai a ce yana kiran mutuwa. Abokin Alhaji ya gaya mana daga baya abin da ya motsa shi. Ranar 7 ga Maris 2021 ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Nkoantoma ta fashe a Bata, mutum fiye da 100 suka mutu, unguwanni suka rushe. Alhaji ya taya kwasar gawa. Bayan 'yan watanni ya ce wa abokinsa ya raka shi, yana da maganar da ba ya so ta mutu a bakinsa. Ya bar wa yaron legado, kyautar wasiyya, ta sefa 600,000. Wanda aka bar wa irin wannan sunansa legatario, kuma ba ɗaya yake da heredero ba, kamar yadda wanda aka yi wa wasiyya ba ɗaya yake da magaji ba a wurinmu.

Da malamin unguwa ya zauna lissafi, tsari ɗaya ya bi wanda kowa ya sani: kuɗin sutura, bashi, wasiyya, sannan gado. Bayan an fitar da bashi, kuɗin banki da ƙimar kayan shago sun tashi sefa miliyan 3. Wasiyyar jika ɗaya bisa biyar ce, ba ta kai sulusi ba, kuma shi ba magaji ba ne, don haka ta zartu. Saura 2,400,000. Mata biyu suna da tumuni, 300,000, kowace 150,000. Mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 na 'ya'ya ne, maza uku mata huɗu, kaso goma: namiji 340,000, mace 170,000. Nan take ɗaya daga samarin ya ce yaya jika zai fi ɗa samu? Malam ya dube shi ya ce kai gado ka ci, shi kyauta aka yi masa, kuma wanda ya yi kyautar ba ya nan balle ka tambaye shi. Baffa ma, in ba a manta ba, ba shi da ko dala a wannan rabo, tun da akwai 'ya'ya maza. Duk tada jijiyar wuyan da ya yi don marayun ɗan'uwansa ya yi, kuma wannan ya sa ban iya jin haushinsa ba.

Sai babbar 'yar gidan, wadda ta yi karatun shari'a shekara biyu a jami'ar Gaundare kafin aure, ta yi magana daga bayan labule. Ta ce tana so kowa ya sani cewa in da kundin Faransa za a bi, wanda har yanzu yake aiki a yankinmu na masu Faransanci, da ba haka lissafin zai kasance ba. A can 'ya'ya daidai suke, ba namiji ba mace, kuma jika yana tsayawa a gurbin ubansa, abin da suke kira représentation. Kaso takwas ke nan, kowa 300,000. Ita da ƙannenta mata da sun sami kusan ninki biyu. Tsakar gida ta yi tsit. Sai ta ci gaba: amma a wannan kundin kakarmu ba ta da komai tun da akwai 'ya'ya, iyayenmu mata kuma ba su mallaki komai ba, sai cin moriyar rubu'i kawai har su mutu. Ta ce ita ba kotu za ta ba, ta faɗa ne don kada wani ya ɗauka ba ta sani ba.

Na ji daɗin wannan magana fiye da duk abin da aka faɗa ranar. A shirye-shiryenmu na rediyo idan aka zo batun gadon mata, masu kira kashi biyu suke rabuwa, kowa yana harbin iska. Wasu su ce dokar Nasara ce mai adalci, wasu su ce ko ambatonta kafirci ne, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa ɗora lissafin biyu gefe da gefe. In ka ɗora za ka ga kowace doka akwai macen da ta ɗaga da macen da ta sauke. Cin moriyar nan, usufruit da Faransanci, usufructo da Sifaniyanci, abu ne da kunnen Bahaushiya ba ya karɓa da sauƙi: ki zauna a gida, ki ci haya, amma ba naki ba ne, ba ki sayarwa, ba ki bar wa kowa. Tumuni kaɗan ne, amma nata ne, ta sayi akuya ko ta tafi Makka. Kuma kundin da aka rubuta a Madrid mace ɗaya ya sani, cónyuge viudo, ba shi da gurbin kishiya. Ni a ganina, abin da ya fi cutar da mata a Garwa ba ya cikin ko ɗaya daga littattafan nan. Rashin rabawa ne. A ce a bar gida a haɗe don zumunci, a naɗa babban wa mai kula da dukiya, shekara goma ta wuce, ya karɓi haya, ya sayar da fili, ƙannensa mata suna gidajen aure suna jin kunyar tambaya. Ranar da suka tambaya a ce sun zo raba gidan ubansu. Na san gidaje a Fulɓere da Kollere da aka yi jikoki ba a raba ba.

Da a ce lissafin malam shi ne ƙarshe, da tuni kowa ya karɓi nasa. Amma kuɗin suna banki a Bata, banki kuma ba ya jin tumuni da sudusi. Yana son hukuncin kotu da ya ce waɗannan su ne magada, abin da muke kira jugement d'hérédité, su kuma suke da makamancinsa, declaración de herederos. Kafin a samu wannan sai an yi taron dangi an rubuta abin da aka amince a kai, an kai tare da takardar mutuwa, takardar aure, da takardar haihuwar kowane yaro. Kotun da aka fi zuwa ita ce ta matakin farko, wadda dokar 19 ga Disamban 1969 ta tsara, inda alƙali yake zama da mataimaka masu sanin al'adar masu shari'a. Kuma idan ɗaya daga cikinsu ya ƙi amincewa da ita tun farko, sai a koma kotun da ke aiki da rubutacciyar doka. Shi ya sa maganar babbar 'yar nan ba wasa ba ce, da ta so da ta juya shari'ar gaba ɗaya. A wannan mataki ne aka gane amarya ba ta da takardar aure, biyu daga 'ya'yanta kuma ba a taɓa yi musu takardar haihuwa ba, sai an nemo musu hukuncin cike gurbi, jugement supplétif, da shaidu. A idon unguwa ta yi shekara goma sha shida a gidan, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. A idon takarda sai an tabbatar da ita tukuna. Bayan duk wannan kuma sai a mayar da hukuncin zuwa Sifaniyanci a hannun tafintan da hukuma ta yarda da shi, a buga hatimi bisa hatimi.

Ga masu 'ya'ya a Sifen kanta, akwai abin da ya kamata su sani, don na fara samun masu tambaya. Tun daga 17 ga Agustan 2015, ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce gadon mutum yana bin dokar ƙasar da yake zaune a cikinta lokacin mutuwarsa, sai fa in ya rubuta a wasiyya cewa ya zaɓi dokar ƙasar da yake ɗauke da fasfonta. Ɗan Garwa da ya yi shekara goma yana aikin gona a Almeriya, in ya mutu bai rubuta komai ba, dokar can ce za ta hau dukiyarsa. Dokar ma ba ɗaya ba ce a duk ƙasar. A Barsalona da yankin Kataloniya legítima rubu'i ce kawai. Suna da rajista guda ta ƙasa inda ake bincika ko mamaci ya bar wasiyya, takardarta certificado de últimas voluntades, ana neman ta bayan kwana 15 na aiki da rasuwa. Harajin gado kuma wata shida aka ba shi. Wata shida a wurinmu ko zaman makoki bai gama watsewa ba, balle a fara tunanin wane ne zai je.

Da na yi shiri a kan wannan batu, ba tare da ambaton gidan ba, wani dattijo ya kira daga Gidar ya ce shi bai ga amfanin rubuta wasiyya ba tun da Allah ya riga ya raba. Na ce masa, "Baba, rabon magada Allah ya yi shi, amma bashin da ake bin ka, da wanda kake bi, da marayan da ke ɗakin matarka, wa zai faɗa in ba kai ba?" Ya ce zai yi tunani. Wata mata kuma ta kira ta tambaya ko takardar auren meri tana ɓata na masallaci. Tambayarta ta fi tsaya mini a rai, don na ji a muryarta ba don ilimi take tambaya ba.

Har yanzu kuɗin Alhaji suna Bata. Takardun yaran biyu sun fito, ta amarya ana kai. Tsohon da aka zaga bai rufe shagon ba. Yana sayar da sauran yadin, kuma duk ƙarshen wata yana aiko da saƙon murya ta WhatsApp yana lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita, har kuɗin wutar lantarki da na mai gadi, uwargida tana sa a kunna mata sau biyu. Shekara ɗayar da doka ta ba shi ta kusa cika, kuma kundin ya ce magada suna iya ƙara masa wa'adi idan sun amince. Malamina ya rubuta takardar ƙarin da Sifaniyanci, na karanta musu da Hausa, manya suka sa hannu, tsohuwa ta dangwala yatsa. Baffa ba magaji ba ne, ba a buƙatar hannunsa, amma ya ce shi zai kai ta da kansa, yana da maganar da ba a yin ta a waya. Ya sayi tikitin motar Gaundare na ranar Asabar, ya kuma sa an ɗaure masa kilishi da buhun albasa ƙarami.